Ina 'Yan Amshi?

Yau zancen waƙa na zo mu yi, abin da ya jawo shi kuwa wani abu ne da na gani da idona a hutun da ya wuce.

An yi bikin wata ƙanwarmu a ƙasar Shagari. Muka shiga mota daga Boɗinga da hantsi, muka tarar gida ya cika maƙil. An ɗauko mai kayan sauti, ya girke manyan lasifikoki biyu a ƙofar gida, yana sako waƙoƙin zamani ɗaya bayan ɗaya. Ko wace ya sako 'yan mata sun san ta tun daga farko har ƙarshe, ba su tuntuɓe ko a kalma guda. Na ji daɗin wannan, gama kan da ya riƙe waƙa goma ba zai kasa riƙe karatu ba.

Da magariba ta yi, mai kayan sauti ya kashe injinsa, wuri ya yi tsit. Bayan salla aka zo fid da amarya. Sai wata tsohuwa, ƙanwar kakarta, ta ɗaga murya ta soma waƙar rakiyar amarya irin ta da, wadda a ke lallashin yarinya a ciki a kuma yi mata gargaɗin zaman aure. Ta ba da waƙa, ta dakata a karɓa mata. Mun fi mu hamsin a tsakar gidan, amma tsofaffi biyu kaɗai suka amsa. Ta sake bayarwa, aka sake yin haka. Sai ta dube mu ta yi dariya, ta ce, "To, ɗiyana, tun da ba ku amshi, ku je ku ta da injinku." Aka yi dariya aka wuce. Ni kuwa kunya ta rufe ni. Ga ni da takardar shaidar malanta, amma amshin waƙar da aka kai mahaifiyata ɗaki da ita ya gagare ni.

Ƙasar Makaɗa

Kun san ƙasarmu ba baƙuwar waƙa ba ce. Tsohon Lardin Sakkwato, watau har da Zamfara da Kabi tun ba a rarraba jihohi ba, shi ya haifi manyan makaɗan da Hausa ke taƙama da su. Ga Ibrahim Narambaɗa mai kotso, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, mai Bakandamiya. Ga Salihu Jankiɗi mai taushi, na fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Ga Musa Ɗanƙwairo na Maradun da ya rasu a 1991, da Aliyu Ɗandawo mutumin Shuni, nan maƙwabtanmu, da Ɗan Anace mai kalangun 'yan dambe, wanda ya sa sunan Shago ya cika duniya. Ko wanensu shi ke shirya waƙarsa a ka, ba takarda ba alƙalami, ya bayar, yaransa su karɓa.

Duk sun riga mu gidan gaskiya, amma har gobe ana jin muryoyinsu. Me ya sa? Domin an ɗauka. Gidan rediyon Kaduna da na Rima sun ɗauka, an buga a faifai, an juya a kaset. Malamai kuma sun bi sun rubuta. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza kuwa littafi guda ya yi a kan Narambaɗa.

Amma fa ku sake duba sunayen nan, duk maza ne. Matan da aka ɗauki muryoyinsu kaɗan ne, irin su Uwaliya Mai Amada ta Kano, da Barmani Choge ta Funtuwa wadda ta rasu a 2013. Su ma don sun fito fili ne da ƙoransu, suna kiɗa a gidajen biki. Sauran dubban mawaƙa mata ba wanda ya kai musu na'ura, domin a cikin gida su ke.

Mawaƙan Cikin Gida

Kada ku yi mamaki da na kira su mawaƙa. Kakanninmu ba maimaita abin da suka ji kaɗai su ke yi ba, ƙirƙira su ke yi. Mace ta durƙusa kan dutsen niƙa da asuba, dutse na tafiya waƙa na bin sa. Abin da ba ta iya faɗa wa uwar miji ko kishiya ido da ido, sai ta zuba shi cikin waƙa. Ba ta kama suna ba, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In kewar gida ta kama ta, ta yabi ubanta, ta ambaci garinsu da ƙannenta ɗaya ɗaya. Da ta gama niƙa ta share zufa, zuciyarta ta yi sanyi, gida kuwa ya ji saƙo ba tare da an yi faɗa ba.

Haka wajen daka. Mata biyu ko uku su kewaye turmi suna lugude, ana cilla taɓarya sama a tafa a cafe, waƙa na tafiya daidai da saukar taɓarya. In an yi sabon ɗaki a gayyaci matan unguwa daɓe, su jeru da madaɓai, ɗaya na bayarwa saura na amsawa. Ga waƙar reno ta lallashin jinjiri, ga shantu na 'yan mata a ɗakin amarya, ga gaɗa a dandali in wata ya yi fari.

To, ina su ke yanzu? Injin niƙa ya ɗauke aikin dutse. Siminti ya kori daɓe. Dandali ya ragu, wayar hannu ta zaunar da 'yan mata a ɗaki. Ba cewa na ke a koma kan dutse ba, wadda ta taɓa niƙa mudu uku na gero kafin gari ya waye ba za ta yi kewarsa ba. Abin da na ke nuna muku shi ne, waƙoƙin nan a kan aiki su ke zaune. Da aka janye aikin sai suka rasa mazauni, ba inda suka rage sai a kan tsofaffi. Ran da tsohuwa ta kwanta dama kuwa, da kayanta ta ke tafiya. Gwaggona ta rasu bara waccan. Kowa a gidanmu ya shaida ba mai habaicinta a kan dutse, amma yau in kun tara mu duka ba za mu kawo muku waƙarta ɗaya cikakkiya ba.

Mu Ne Masoya

Wata za ta ce, "Malama, zamani ne, me mu ke iyawa?" Muna iyawa ƙwarai, gama kasuwar waƙa a hannun mata ta ke. Tun zamanin shirin Zaɓi Sonka na rediyon Kaduna, sa'ad da masu sauraro ke kafa ƙungiyoyi gari gari suna aika katin gaisuwa, iyayenmu na cikin masu kasa kunne suna aiki. Yau kuwa yarinya ta kai memori wurin masu tura waƙa a kasuwa a cika mata, ta dawo ta tura wa ƙawayenta, kafin mako waƙa ta gama unguwa. A gidan biki mu ke zaɓen abin da za a sa, mu ke tashi mu yi liƙi.

Mawaƙan yanzu, irin su Aminu Ala da Naziru Sarkin Waƙa da Nura M. Inuwa da Fati Nijar 'yar Maraɗi, a situdiyo su ke aiki, na'ura ke ba su kiɗa. Waɗansunsu kuwa, in suna waƙar sarauta, sawun makaɗan fada na da su ke bi. Kun tuna yadda waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game ƙasa a 2020? Mata ne suka ɗauke ta suka kai ta inda ta kai. Ashe abin da muka so shi ke rayuwa, abin da muka yi wa shiru shi ke mutuwa. Ba na hana ku sauraron na zamani, ni ma ina saurare. Sai dai in muna da wurin waƙa ɗari ta baƙi a waya, bai kamata mu rasa wurin goma ta gidanmu ba.

Abin Koyi A Ƙofar Gida

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Nan Sifawa ta ƙasar Boɗinga Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da mata. Ta shirya waƙoƙi da Hausa da Fulatanci da Larabci, jajoji masu malfa suka kai su ƙauyuka, 'Yan Taru suka hardace. Shekara fiye da 150 ke nan, ana nan ana rera su, domin an rubuta kuma an sami masu karɓa.

Haka Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, ya shirya Waƙar Nijeriya a 1948 don yara su san ƙasarsu. Ya zama shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, ya rasu a 2018, waƙar na nan a buge. Kun ga abin da alƙalami ke yi wa waƙa.

Aikin Hutu

Saboda haka ga aikin da na ba ku, ƙannena, ku da ke da karatu.

Da fari ki sami littafin rubutu sabo, ki je wurin kakarki ko wata tsohuwar unguwa. Kada ki je hannu sake, ki riƙa ɗan goro. Kada kuma ki ce, "Inna, yi mini waƙa," za ta ce ta manta. Ki zauna ki taya ta tsinkar zogale ko gyaran wake, ki tambaye ta yadda aka yi bikinta. Waƙa za ta fito da kanta.

Na biyu, ki nemi izininta kafin ki ɗauki muryarta a waya. In ta ce kada ta fita gida, to, kada ta fita. Amana ce.

Na uku, ki rubuta yadda ta faɗa, da Sakkwatancinta. In ta ce "ɗiya" kada ki mai da ita "'ya", in ta ce "yat tafi" ki bar shi haka. Gyara a nan ɓarna ne. Kalmar da ta shige miki duhu ki tambayi ma'anarta ki rubuta a gefe.

Na huɗu, ki sa sunan garin, da ranar, da irin aikin ko bikin da a ke waƙar, da wurin wanda ta koya. Waya takan faɗa ruwa, memori yakan lalace, don haka ki ajiye a wuri biyu. In an koma makaranta ki nuna wa mai koya muku Hausa.

Na biyar, wanda ya fi duka, ki koyi amshin. Waƙar da ke cikin littafi kaɗai kamar iri ce a rumbu, sai an shuka ta ke tsira.

Ku kuma matan gida, in za ku aurar da 'ya'yanku, ku ce wa mai kayan sauti ya dakata ko na rabin sa'a ne, a ba tsofaffi fili. Ba za a rage muku kome cikin armashin biki ba.

Ni dai na koma Shagari na sami tsohuwar nan, na durƙusa na gaishe ta, na ce na zo koyon amshi. Ta ce ashe 'yan boko na jin kunya. Mun yi zama uku, na rubuta waƙa bakwai. Akwai wani biki bayan girbi, ta ce in ta bayar ban karɓa ba, ita da ni ne.

Wadda ta yi nata aikin ta rubuto mana ta gaya mana abin da ta samo.