Shin Dokin Dodoru Na Buƙatar Takalmi?

Idan sallah ta matso, duk gidan da ke da doki a Dodoru da sauran garuruwan ƙasar Gwandu hidima ce ke tashi. A fito da sirdi a goge, a wanke jalala, a duba linzami da likkafa, a ƙara wa doki dusa da harawa don ya yi sheƙi. Da yawa daga cikinku ku ne masu wannan aiki bayan an tashi makaranta. To amma bari mu tambaye ku: yaushe rabon da ku ɗaga ƙafar dokin ku leƙa ƙarƙashin kofatonsa? Mun sha ganin dokin da ya yi rawa ya burge jama'a ranar hawa, kashegari ya wayi gari yana ɗingishi. Sai a ce kambun baka ne, alhali tsakuwa ce ta maƙale masa, ko kwalta ta cinye kofaton.

Dawakinmu tun asali ba a sa musu takalmi. Tun da jama'ar Shehu suka sauka Gwandu a 1805, mayaƙa da manzanni sun yi ta zirga-zirga bisa dawakin da kofatonsu ke taka ƙasa kai tsaye, kuma hakan bai gagare su ba. Dalili kuwa shi ne kofato kamar farce yake, kullum tsiro yake yi, wajen milimita 6 zuwa 10 a wata. Dokin da ke tafiya kullum a kan rairayi da busasshiyar ƙasa, abin da ƙasa ke ci daidai yake da abin da ke tsirowa, kofaton kuma sai ya yi tauri.

Yau abu biyu sun canja. Na farko hanya: inda a da turɓaya ce, yanzu kwalta ce ko tsakuwar marmara, masu cin kofato kamar magagari. Na biyu, wanda a ganinmu ya fi muni, shi ne zaman turke. Doki ya shafe watanni a ɗaure, da damina yana tsaye cikin kashi da fitsari, kofato ya yi laushi, ƙarƙashinsa ya fara baƙi yana wari. Rana ɗaya sai a kwance shi, a ɗora masa ƙato da kaya, a ce ya yi sukuwa a titi. In kofaton ya tsage daga sama, sai an jira wata 9 zuwa shekara guda kafin sabo ya sauko ya maye gurbinsa. Wato hawan yini ɗaya na iya jawo wa mai gida asarar babbar sallah da ta baɗi.

Waɗanda suka fi kowa damuwa da wannan matsala a duniya su ne masu tseren dogon zango. A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai gasar Tevis da aka fara a 1955, inda doki ke cin kilomita 160 cikin awa 24, ta kan duwatsu da kwazazzabai. Ku ƙiyasta, kusan nisan Birnin Kebbi zuwa Sakkwato ke nan. A irin wannan tsere ana tsayar da doki a zango-zango, likitan dabbobi ya saurari bugun zuciyarsa, ya sa a ja shi yana sassarfa. Da ya ga ɗingishi, an fitar da shi ke nan, ko da shi ne a gaba. Da yawa suna buga wa dawakinsu takalmin ƙarfe da ƙusa. Wasu kuwa sun zaɓi su bar kofato haka nan kamar namu, sai ranar tafiya su sa masa takalmin roba mai tauri, in an sauka a cire. Akwai mai maɗauri, akwai wanda ake mannawa da gam ya yi kwanaki. Wani masanin kimiyya Ba'amurke mai suna Neel Glass ne ya fito da samfurin Easyboot wajen 1970, amma dabarar ta girme shi nesa ba kusa ba. Rumawa sun riƙa ɗaura wa dabbobinsu faranti na ƙarfe da igiya, mutanen Japan kuma suna saƙa wa doki takalmi da karan shinkafa. Mu da ke ƙona karan shinkafa a fadama, wannan ya ba mu dariya, ya kuma ba mu kunya.

Yaya ake zaɓen takalmin? Ba da ido ba, da ma'auni. Sai an fara gyara kofato an datse abin da ya yi yawa, sannan a auna, don in aka auna kafin gyara takalmin zai zo da girma. A ɗauki rula mai milimita, irin wadda ke cikin akwatin lissafinku. A auna faɗi a inda kofaton ya fi faɗi. A auna tsawo daga bakin gaba zuwa inda taurin kofaton ya ƙare a baya, ban da tsokar dunduniya mai laushi. Kowace ƙafa da nata awo, domin na gaba sun fi zagaye, na baya sun fi tsukewa, kuma ko na gaban biyu ba lallai su zo ɗaya ba. Ƙafafun gaba ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi kan sayi biyu kawai.

In takalmi ya yi yawa zai riƙa juyawa, yashi ya shiga ya goge fata, ko ya fice ana cikin gudu. In ya matse, dunduniya za ta saɓule kamar yadda sabon sandal ke yi muku a makon farko na zango. Don haka ba ranar hawa ake gwada shi ba. A fara da gajeren zagaye, a cire, a shafa bayan ƙafar a ji ko ta yi zafi. Kuma a irin zafin ƙasarmu ba a barin doki ya kwana da mai maɗauri.

Mu dai ra'ayinmu, yawancin dawakin Dodoru ba su buƙatarsa. Daga waje ake kawo shi, da dala ake saye. Wanda ya kamata ya yi tunaninsa shi ne mai kai doki hawa Birnin Kebbi ko Kalgo inda za a yini a kan kwalta, ko mai dokin da ke tsuke ƙafa da zarar ya hau tsakuwa. Kada kuma wani ya yanko tsohuwar taya ya ɗaure da waya, zai yanke jijiyar doki ne kawai.

Abin da ke hannunku ba ya cin ko kwabo. Ku kwashe kashin barga safe da yamma, ku zuba busasshen yashi a turke, ku riƙa fita da dokin yawo ko ba hawa. Tare da babba, ku tsaya a gefensa kuna fuskantar wutsiya, ba a bayansa ba, ku ɗaga ƙafa ku sakace ƙasa da tsakuwa da ɗan itace marar tsini. In kun ji wari ko kofaton ya yi zafi, a kira malamin dabbobi. Awon da kuka yi kuma ku rubuta shi a bayan littafi da kwanan wata, ku sake aunawa bayan mako 6.