Golf, 205 da Renault 5: Wace Ce Za Ta Kai Ka Allakaye?

Tsakanin 1985 da 1990 da wuya mutum ya buɗe mujallar mota ta Faransa ko ta Jamus bai tarar an jera wasu ƙananan motoci uku ana auna su ba: Volkswagen Golf GTI, da Peugeot 205 GTI, da Renault 5 GT Turbo. Dukansu 'yan dagwas ne, asalinsu motocin zuwa cefane da kai yara makaranta, sai aka cusa musu injin da ya fi ƙarfin jikinsu. Masu gwaji kan kai su fagen Montlhéry da ke kudu da Paris, su riƙe agogo, su ƙidaya daƙiƙun da kowace za ta ɗauka kafin ta kai gudun kilomita 100 a awa, su karya kwana da ita su ga ko za ta zame. Daga nan sai a yanke hukunci a buga.

Golf ce babbar yaya. Ta fito a 1976 da inji mai lita 1.6 da ƙarfin doki 110, nauyinta kuwa kilo 800 da ɗoriya, ga gudun da ya haura kilomita 180 a awa. Kamfanin ya yi niyyar ƙera 5,000 kacal don yana shakkar kasuwa, amma kafin a daina wannan samfurin an sayar da fiye da 400,000. Peugeot ta mayar da martani a 1984 da 205 GTI mai doki 105, ta biyo da mai lita 1.9 da doki 130 a ƙarshen 1986. Ita Renault sai ta bi wata hanya a 1985: ta ɗauki tsohon injinta mai lita 1.4 da kabireto, ta ɗaura masa turbo, wato na'urar da ke amfani da hayaƙin salansa tana tura iska cikin inji, ta samu doki 115.

Yawancin masu gwajin sun ba 205 kambun daɗin tuƙi. Sitiyarinta na jin magana, da ka taɓa ta juya. Sai dai tana da wani hali da ya jefa samari da yawa cikin rami: idan direba ya tsorata a tsakiyar kwana ya ɗaga ƙafa daga totur, sai bayanta ya nemi ya wuce gabanta. Renault ta fi fizga idan turbo ya kama, Golf kuwa ita ce natsattsiya mai ƙwarin jiki, wadda ba ta cika burge mai neman tashin hankali ba. Ban ga abin musu a wannan hukunci ba, matuƙar kwalta ce shimfiɗaɗɗiya ƙarƙashin taya, ga sanyin Turai, ga man fetur tatacce.

To amma motar Turai ba a Turai take ƙarasa rayuwarta ba. Shekaru da dama tashar jirgin ruwa ta Kwatano ce ƙofar da tsofaffin motoci ke shigowa, su bi ta Malanville da Gaya, wasu su tsaya Yamai, wasu su miƙe Ƙonni da Maradi, da yawa su tsallaka Najeriya. Rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya karkatar da hanyar zuwa Lome da Burkina Faso, ya kuma ƙara wa mai saye kuɗi. Ko ta ina motar ta biyo, da zarar ta sauka daga babbar hanyar RN1 a Madawa ta fuskanci Buza, ta shiga hannun wasu alƙalan da ba ruwansu da agogon Montlhéry.

Duk wanda ya san ƙasar Adar, inda Buza take, ya san ba shimfiɗar rairayi ba ce irin ta Damargu. Tuddai ne masu baƙin dutse da marmara, ƙoramu sun tsattsaga su, kwaruruka irin na Maggiya da Keita sun ratsa tsakani. Wannan zaizayar ƙasa ce ma ta kawo aikin Projet Keita da Italiya da hukumar FAO suka fara a 1984. Mai zuwa Allakaye ta yankin Buza da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ko kasuwa za shi ko biki, sai ya gamu da abu uku: gargada a kan burji, tsinin dutse a gangare, da yashi a gindin ƙorama, wanda da damina ke komawa ruwa mai jan mota. Ƙananan motocin tsere kuwa da gangan aka sauke su kusa da ƙasa, aka taurara sifirin ɗinsu, aka sa musu taya mai siririn gefe, duk don su riƙe kwana. Abin da ya ba su maki a can shi ne ke fasa musu ƙasan inji a nan.

Shi ya sa gwajin mai saye a nan ya sha bamban. Ba ya zuwa shi kaɗai, da bakanikensa yake tafe. Kafin a tayar da inji, bakaniken zai shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashi da 'yar cocila, yana neman walda a shasi da ɗigar baƙin mai. Ya tashi ya danna kowace kusurwa da ƙarfinsa ya saki: idan motar ta yi ta lilo, shokozoba ya mutu. Ya buɗe murfin lagireto ya leƙa, idan ruwan na kumfa ko ya yi kalar koko, an gama magana, komai daɗin bakin dillali. Sai bayan haka a hau, kuma ba kan kwalta ba. Za a nemi wuri mai gargada, a cika ta da mutane huɗu ko biyar, a saurari inda take kuka, a tsaya cikin rana a bar injin yana aiki a ga ko fanka za ta tashi da kanta. Tambayar ƙarshe ita ce mai yanke ciniki: “Idan kaza ya lalace, ana samunsa a Madawa, ko sai an aika Kano?”

A wannan sikeli, Renault 5 GT Turbo ce ke fara faɗuwa. Tun a Turai an san ta da ƙin tashi idan ta yi zafi, saboda zafin turbo kan busar da man da ke cikin kabireto. Motar da ke wannan ƙorafi a Faransa, ina ga Buza a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40? Turbo kuma na son mai tsabtatacce da iska marar ƙura, alhali hunturu na cika matatar iska cikin 'yan kwanaki, man kwalba na 'yan ruwa-ruwa kuwa ba kullum ake sanin abin da aka gauraya masa ba. Ita 205 GTI jikinta fallayau ne, gargada na kwance mata kusoshi, ga injinta na alminiyon da ba ya yafe zafi sau biyu.

Na san masoya Peugeot za su ce: ai 205 ce ta ci gasar Paris-Dakar, kuma ta cikin Nijar ta ci. Gaskiya ne. Gasar da Thierry Sabine ya ƙirƙira bayan ya ɓace a hamadar Tenere a 1977 ta tashi karon farko ranar 26 ga Disamban 1978, ta bi ta Agadas da Yamai, kuma a wasu shekarun Tawa ma zango ce. Ari Vatanen ya yi nasara da 205 Turbo 16 a 1987, Juha Kankkunen ya maimaita da ita a 1988, shekarar da aka sace 405 ɗin Vatanen a Bamako yana kan gaba. Amma wannan mota da 205 ɗin kasuwa kamanni kawai suka haɗa. Injinta a bayan direba yake, tayoyi huɗu ke ja, an ƙara mata tsawo don tankunan mai, ga ayarin manyan motoci da bakanikai da ke sake mata sassa kowane dare. Peugeot ma ta koma Dakar ne saboda an haramta ajin tsere na Rukunin B a ƙarshen 1986, bayan mutuwar direba Henri Toivonen a Corsica, aka bar ta da motoci ba fagen tsere. Idan ana neman ƙaramar motar kasuwa da ta ratsa Sahara, sai a ambaci Renault 4 ta 'yan'uwan nan biyu, Claude da Bernard Marreau, da ta zo ta uku a 1980. Ita kuwa ba don tsere aka ƙera ta ba. Tsayi daga ƙasa da laushin ƙafa da jan taya huɗu da aka ƙara mata ne suka fisshe ta.

Darajar da Peugeot ta yi a ƙasar Hausa ma ba daga wajen gudu ta zo ba. Daga 404 akori-kura ne da 504, wadda ta fito a 1968, ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta PAN da ke Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Doguwar ƙafa ce da ita, inji mai sauƙin kai, kuma kayanta har a garejin ƙarƙashin bishiya ana samu. Wannan muƙami yau ya koma hannun Toyota, daga Hilux da Land Cruiser na daji zuwa ƙananan tasi na Yamai.

Saura Golf. Ita ce cikin ukun da zuriyarta ta fi yin gida a nan, musamman Golf 3 da ta fito a 1991, wadda direbobin haya suka mayar jakin tasha tsakanin Sakkwato da Illela, da Katsina da Jibiya. Sai dai a lura, ba GTI suke saye ba. Mai ƙaramin inji suke nema, su ɗaga mata baya da ƙarin sifirin, su loda mata fasinja da buhunan albasa fiye da abin da Bajamushen da ya zana ta ya taɓa mafarki. Yawanta ya sa kayanta ya wadata, yawan kayan ya sa bakanike ya san cikinta, kuma wannan ne ainihin makin da ta ci. Volkswagen da kanta ta taɓa gane batun tsayi: a 1990 ta fito da Golf Country, ɗagaggiya mai jan taya huɗu, amma ba ta kai 8,000 ba aka daina.

Saboda haka da za a ba ni makullai uku a Madawa a ce in zaɓa, in Maradi ko Ƙonni za ni a kan kwalta da safiyar hunturu, 205 GTI zan ɗauka ba tare da shawara ba. In Allakaye ce, Golf zan hau, ita ma wadda aka ɗaga, da safaya biyu da jarkar ruwa a but. Renault kuwa zan bar wa mai ita. Wanda duk ke shirin sayen irin waɗannan motoci don hanyar Buza da Keita, ya kai bakanikensa ƙarƙashinta tukuna kafin ya tambayi gudunta.