Shukar Tarko: Yadda Ake Yaudarar Wuta-Wuta

A gonakin gero da dawa na Dutsin-Ma da Kurfi, wuta-wuta kan tsotse hatsi tun daga saiwa. Irinta yakan kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10, ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa. A 1966 masana a Amurka suka gano irin wannan sinadari a saiwar auduga. Auduga da waken suya da gyaɗa sukan tayar da irin, amma ba ya iya kama saiwarsu, sai yunwa ta kashe shi cikin 'yan kwanaki. Manomin da ya shuka su bana, ya mayar da hatsi baɗi, ya rage wuta-wuta ba tare da feshin magani ba.