Ganin likita a Kademi: yadda za a ci moriyar 'yan mintunan da aka samu

A Ingila, tun da aka kafa tsarin lafiya na gwamnati a 1948, kusan kowa yana da asibitin unguwa da ya yi rajista a ciki. In bai ji daɗin jikinsa ba sai ya buga waya a sa masa rana da lokaci, yawanci kuma abin da zai samu a gaban likitan bai wuce minti goma ba. Mutumin Kademi sammako yake yi, ya yanki kati, ya zauna a benci har a kira sunansa. Hanyar ta bambanta, amma lokacin da yake samu a cikin ɗakin kusan ɗaya ne da na Bature, kuma da yawanmu muna barin sa ya tafi a banza.

Wanda za ka tarar a ƙaramin asibitin mazaɓa galibi ma'aikacin lafiya ne da aka horar don aikin karkara, ko nas, ko ungozoma, ko da yake duk "likita" muke ce musu. Haka aka tsara abin tun zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe ma'aikatar lafiya ta ƙasa, daga 1985 zuwa 1992: zazzaɓi, gudawa, awo, rigakafi da awon jini a gama da su kusa da gida, abin da ya fi ƙarfin nan a tura babban asibitin Gaya, wanda ya fi ƙarfin Gaya a wuce da shi Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Wanda ya tsallake matakin farko ya tafi birni da zazzaɓin kwana biyu ya kashe kuɗin mota ne don ya bi layin da ya fi na gida tsawo.

Babban amfanin likitan iyali irin na Ingila shi ne ya san ka, ya san abin da ya same ka bara. A wurinmu ma'aikata ana yi musu canjin wurin aiki, don haka katinka ne ke riƙe wannan tarihin. Duk wanda ya yar da ƙaramin katin da ke ɗauke da lambarsa ya sake yankar sabo, ya mai da kansa baƙo. A sa shi a leda, a ajiye tare da katin awo da na rigakafin yara, kuma a riƙa komawa wuri ɗaya maimakon yau Gaya, gobe Ajingi, jibi kemis.

Akwai ayyukan da ke da ranakunsu, musamman awo da rigakafi. Kowane asibiti da nasa tsarin, sai a tambaya tun kafin buƙata ta taso. Jariri ana yi masa rigakafi da haihuwa, sai a mako 6, da 10, da 14, sannan na ƙyanda a wata 9, a maimaita a wata 15. Mai ciki kuwa, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ta je awo sau takwas, ta fara kafin cikin ya wuce wata uku. Al'adar ɓoye ƙaramin ciki tana sa mata da yawa su fara zuwa a wata na shida ko bakwai, lokacin da ƙarancin jini ko hawan jini ya riga ya yi nisa.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen bayani. A tambayi mutum me ke damun sa, ya ce, "Wallahi likita, jikin ne dai gaba ɗaya." Ma'aikacin da mutum talatin ke jira a waje ba zai iya tono ciwo daga wannan amsar ba. Tun daga gida a shirya amsar tambayoyi kaɗan: yaushe abin ya fara, a ina yake, da dare ya fi tsanani ko da rana, me ke tayar da shi, me aka riga aka sha. A fara da abin da ya fi tayar da hankali. Mutane da yawa sai sun gama zancen ciwon baya da kasala, an rubuta magani, sun miƙe, sannan su ce, "Af, kuma ina ganin jini a fitsari." Wannan ne ya kamata ya zo a farko. Tari ma a faɗi kwanakinsa, domin wanda ya wuce mako biyu ana so a gwada majina saboda tarin fuka, gwajin da maganin kuma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ke wannan aikin.

Maganin da aka sha a gida, a zo da kwalinsa ko ledarsa. "Wata farar ƙwaya" ba ta gaya wa kowa komai. Jiƙo da sassaƙe ma a faɗa ba tare da tsoron faɗa ba, domin wani yana karo da maganin asibiti, wani kuma yana taɓa ƙoda.

Sai maganar kunya, wadda nake ganin ta fi rashin kuɗi ɓata ganin likita a wasu lokutan. Matar da surukarta ko ƙanin mijinta ke tsaye a kanta ba za ta buɗe baki ta yi zancen ciwon mara ko zubar jini ba. Tana da damar ta ce a bar ta ita kaɗai, ko ta nemi ma'aikaciya mace in akwai. Maigida kuma ya daina zuwa shi kaɗai yana cewa, "Iyalina ce ba lafiya, a ba ni magani." Ba a auna jinin wanda ke gida. Yaro ma a zo da wadda ta kwana da shi, ita ta san sau nawa ya yi amai da ko ya kama nono.

Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Gwajin da ake ɗigar jini daga yatsa yana fitowa cikin kamar minti ashirin, a jira shi. In ya nuna akwai, maganin kwana uku ne, a shanye ko da jiki ya yi sauƙi a rana ta biyu. Kada a matsa sai an yi allura ko ƙarin ruwa. Yawancin ciwon da mutum ya zo da shi da ƙafarsa ƙwaya tana isar masa.

Kafin ka tashi, tambayi sunan ciwon, yadda za a sha maganin, alamar da in ka gani za ka dawo da gaggawa, da ranar dawowa. Maimaita abin da ka ji a gaban likitan don ya gyara maka. Ranar da aka rubuta a kati ita ce alƙawarinka da asibiti, kuma masu hawan jini da ciwon suga su suka fi saɓa ta, saboda ba sa jin ciwo. Hawan jini ba ya warkewa don kwalin magani ya ƙare. Maganin tarin fuka wata shida ne cur, wanda ya tsaya a hanya ciwon na iya dawowa ya ƙi jin magani.

Game da kuɗi, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya a matakin farko, kuma hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, KSCHMA, tana yi wa masu ƙaramin ƙarfi rajista a ƙarƙashin shirin. Gurbin ba ya isar kowa, amma tambayar shugaban asibiti ko kwamitin ci gaban mazaɓa ba ta cin ko kwabo.

Akwai halin da ba a bin layi, ba a kuma jiran gari ya waye: yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko numfashinsa ke sama-sama, mai ciki da ke zubar da jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, sai kuma ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, wanda bayan annobar mashaƙo da ta addabi Kano a 2023 bai kamata kowa ya raina ba. A faɗa tun daga bakin ƙofa. In aka ce a wuce Gaya ko Kano, a karɓi takardar turawa mai ɗauke da abin da aka gani da maganin da aka riga aka bayar, sannan a kama hanya kai tsaye, kada a koma gida neman shawara.