Neman kayan yaƙi da na'urar gano ƙarfe: aikin da bidiyo ba ya nunawa

Kwanakin baya muna zaune a kara da yamma, muna jiran tirelar shanu daga Arewa, sai wani abokina ya miƙo min wayarsa. Bidiyon wani Bature ne a cikin daji, riƙe da sanda mai faifai a ƙasanta, yana kaɗa ta kamar mai shara. Can na'urar ta yi ƙara. Ya durƙusa ya ɗan yi tono, sai ga hular kwano ta soja duk ta yi tsatsa. Kafin minti uku ya fito da kwanson harsashi da kan bel. Abokin nawa ya ce, "Kai, wannan ai ta faɗi gasassa. Nan ma fa an yi yaƙi. Mu haɗa kuɗi mu sayi injin nan."

Na san ba shi kaɗai ke wannan lissafin ba, don bidiyoyin sun cika TikTok da Facebook. Shi ya sa na zauna na bi diddigin maganar. Abin da na gano shi ne, kaɗa na'urar shi ne ƙaramin aiki a cikin harkar, kuma shi ne na ƙarshe. Kafinsa akwai karatu, da neman izini, da haƙurin da ba kowa ke da shi ba.

Yadda na'urar take aiki

Faifan da ke ƙasan sandar waya ce a nannaɗe. Batir na tura wuta cikinta, sai ta watsa ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. In akwai ƙarfe a wurin, shi ma sai ya mayar da nasa ɗan ƙarfin, na'urar ta ji ta yi ƙara. Yaƙi ne ma ya raine ta. A 1941 wani hafsan sojan Poland mai suna Józef Kosacki ya ƙera irin wadda mutum ɗaya zai iya ɗauka, don gano nakiyoyin da aka binne, kuma sojojin Birtaniya sun yi aiki da ita a yaƙin El Alamein a Masar a 1942.

Amma na'urar ba ta da ido. Ƙaramin abu kamar kwabo, da wuya ta ji shi in ya wuce zurfin ƙafa ɗaya. Tana iya nuna maka cewa wannan baƙin ƙarfe ne, wancan kuma tagulla ko darma, amma ba za ta ce maka ga maɓallin rigar soja ga murfin kwalba ba. Sai ka tona. Mafi yawan abin da ake tonowa ƙusa ne, da guntun waya, da gwangwani, da ɓallin garma. Mai bidiyo yana yanke duk wannan, ya bar maka minti ukun da ya dace.

Takarda kafin shebur

Duniya da faɗi, na'ura kuwa taku ɗaya take dubawa a lokaci guda. Saboda haka babbar tambaya ita ce: ina za a duba? Amsar tana cikin tsofaffin taswirori, da rahotannin da sojoji suka rubuta, da wasiƙu, da hotunan da jiragen sama suka ɗauka, da sunayen gonaki da rafuka, da bakin tsofaffin gari.

Ga misali daga Jamus. A shekara ta 9 bayan haihuwar Annabi Isa, ƙabilun Jamus sun hallaka rundunoni uku na daular Rum a cikin daji. Ɗaruruwan shekaru ana gardama kan inda abin ya faru. A 1885 wani masanin tarihi, Theodor Mommsen, ya ce a duba wajen Kalkriese, saboda manoman yankin sun daɗe suna tsintar tsabar kuɗin Rumawa. Maganar ta kwanta har shekara ɗari. Sai wani hafsan sojan Birtaniya, Tony Clunn, da aka tura aiki garin Osnabrück, ya je wurin jami'in kula da kayan tarihi na yankin, ya nemi shawara, ya duƙufa kan tsofaffin taswirori. A 1987 ya samu kuɗin azurfa na Rumawa. A 1988 ya samu 'yan dunƙulen darma guda uku, irin wanda sojojin Rum ke harbawa da majajjawa. Waɗannan ukun ne suka nuna cewa sojoji sun bi ta wurin, aka fara babban tono. Yau akwai gidan tarihi a Kalkriese, kuma mafi yawan masana sun yarda cewa filin na wancan yaƙin ne.

Misali na biyu ya fi nuna wahalar. A ranar 22 ga Agusta 1485 aka gwabza yaƙin Bosworth a Ingila, inda aka kashe Sarki Richard na Uku. Wurin yana kusa da Leicester, garin da Ahmed Musa da Ndidi suka buga ƙwallo. An daɗe ana nuna wa baƙi wani tudu mai suna Ambion a matsayin filin dagar, har an gina wurin karɓar masu yawon buɗe ido a kansa. Amma wasu masana ba su gamsu ba. A 2005 aka fara bincike ƙarƙashin Glenn Foard. Tsofaffin rubuce-rubuce sun ce akwai fadama tsakanin rundunonin biyu, ita kuwa fadamar an daɗe da busar da ita an mai da ta gona. To sai suka bi takardun filaye da sunayen gonaki na da, suka riƙa haƙo ƙasa ana gwadawa don a gane inda ruwa ya taɓa kwanciya. Masu na'ura kuma suna tafiya a jere, layi bayan layi, gona bayan gona, cikin sanyi da taɓo.

Kusan shekara huɗu ba su samu abin kirki ba. Sai a watan Maris 2009, aikin na dab da ƙarewa, aka tono harsashin darma guda ɗaya. Daga nan aka riƙa samu, har suka kai 22 lokacin da aka sanar da duniya a ƙarshen shekarar. An kuma samu wani ɗan bajo na azurfa mai siffar aladen daji, wato tambarin Sarki Richard, a gefen tsohuwar fadamar. Ashe filin yaƙin yana da nisan kusan kilomita uku daga tudun da ake nunawa. Sun ɓoye ainihin wurin har zuwa Fabrairu 2010, don gudun ɓarayin tono masu zuwa da dare.

Ka duba fa: shekara huɗu, da masana, da kuɗin tallafi, kuma abin da aka samu a lokacin ba zai cika ƙaramin bokiti ba.

Inda aka tsinci abu shi ne darajarsa

Mu da muka tashi a kara mun san wannan. Saniya komai ƙibarta, in ba a san daga inda ta fito ba, ba dillalin da zai tsaya mata, to mai hankali ba ya taya ta. Haka kayan yaƙi suke. Harsashin da aka cire aka jefa aljihu ba a rubuta inda yake ba, ya zama gwangwan kawai, kuɗinsa na kilo ne.

A Amurka an ga amfanin wannan a filin Little Bighorn, inda 'yan asalin ƙasar, Lakota da Cheyenne, suka murƙushe sojojin Custer a 1876. Gobara ta cinye ciyawar wurin a 1983, sai masana suka shiga da masu na'ura a 1984 da 1985. Duk inda aka ji ƙara sai a kafa 'yar tuta, a auna, a sa a taswira, sannan a tona. Kowace bindiga tana barin tabonta a gindin kwanson harsashi, kamar yadda kowane mutum ke da zanen yatsansa. Da aka gwada kwansunan a ɗakin bincike, sai aka iya bin bindiga ɗaya daga wannan tudu zuwa wancan, aka ga yadda faɗan ya riƙa matsawa. Da a ce wani ya riga su ya kwashe kwansunan a buhu, da labarin ya tafi ke nan har abada.

Shi ya sa masu yin abin da gaske suke yawo da littafi, da GPS, da 'yan ledoji masu lamba. Bayan an dawo gida kuma akwai wanki a hankali, da ɗaukar hoto, da duba littattafai don gane lambar da ke jikin maɓalli ko kwanso, a san rundunar da shekarar.

Izini da doka

A Ingila, inda masu wannan sha'awa suke da yawa, ba ka da ikon kaɗa na'ura a gonar wani sai da yardarsa, kuma wuraren tarihi da gwamnati ta killace haramun ne sai da lasisi. Dokar 1996 ta ce wanda ya samu abin da ake ɗauka a matsayin taska, kamar tsohon zinare ko azurfa, ya kai rahoto cikin kwana 14. A 2019 kotu ta ɗaure wasu mutum biyu shekaru saboda sun ɓoye taskar da suka tono sun sayar. A Faransa tun 1989 doka ta hana neman kayan tarihi da na'ura sai da izinin hukuma.

Mu ma muna da tamu. Dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa a 1979 ta hana tono don neman kayan tarihi sai da takardar izini daga hukumar. Makami da harsashi kuwa, ko ka tsince su ne, ajiye su a ɗaki kiran 'yan sanda ne.

Bom ba ya mutuwa don ya tsufa

Wannan shi ne ɓangaren da masu bidiyo suka fi tsallakewa. An gama Yaƙin Duniya na Ɗaya tun 1918, amma har gobe manoman Beljiyam da arewacin Faransa suna tono harsasan igwa da ba su fashe ba duk lokacin huɗa. Suna ajiye su a bakin gona, sojojin kwance bom su zo su kwashe. Wasu ma gubar gas ce a ciki. A watan Maris 2014 ɗaya ya tashi a wurin wani gini a garin Ypres, ya kashe ma'aikata biyu, kusan shekara ɗari bayan an harba shi. Tsatsa ba ta kashe bom. Sau da yawa ƙara masa saurin fushi take yi.

Ba sai mun je Turai ba. 'Yan uwa na Legas ba su manta 27 ga Janairu 2002 ba, ranar da rumbun makamai na barikin Ikeja ya tashi, sama da mutum dubu suka rasu. Sai a 2023, bayan shekara 21, sojoji suka koma suna share ragowar bama-baman daga wurin. A gabas kuma, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya bar nasa. A watan Oktoba 2017, a gaban kotun ECOWAS, gwamnatin tarayya ta amince za ta biya naira biliyan 50 ga waɗanda abin ya shafa, da biliyan 38 don kwashe bama-baman da suka rage. Wato ita kanta gwamnati ta yarda cewa suna nan a ƙasa.

Mu da ke zaune a kudu

To, in koma kan abokina. Na ce masa ya yi tunanin abin da idon mutanen gari zai gani: Bahaushe, baƙo, a bayan gonar wani a Abiya ko Imo ko Anambra, da wata na'ura da shebur. Kafin ya gama bayani an tara masa jama'a. Ƙasa a nan tana da masu ita, ta dangi ce da ta gari, kuma wuraren da aka yi wancan yaƙin ba filin wasa ba ne a wurinsu. Akwai iyayensu da kakanninsu a kwance a ciki, akwai kuma namu da suka zo da kakin soja ba su koma gida ba. Zaman da muke yi a nan da amana aka gina shi, shekara da shekaru. Kuskuren mutum ɗaya, kowa ya sani, a kan dukkanmu yake faɗawa.

Sai kuma ƙannenmu 'yan gwangwan, su ne suka fi kusa da haɗarin, don kullum hannunsu na cikin tsohon ƙarfe. Duk ƙarfen da ka gani mai siffar kwalba ko tulu, mai tsini ko fikafikai a gindi, mai nauyin da ya fi girmansa, kada ka ɗaga, kada ka buga da guduma, kada ka sa a wuta don raba shi da tagulla. Ka sa alama daga nesa, ka kori yara, ka gaya wa sarkin Hausawa ko shugaban kasuwa a kira 'yan sanda. Suna da sashen kwance bom, aikinsu ke nan.

Wanda kuma tarihin ne yake so da gaske, hanya a buɗe take, kuma ba ta buƙatar inji. Gidan tarihin yaƙi na ƙasa yana nan a Umuahia, da motocin sulke, da jirage, da bom ɗin Ogbunigwe da aka ƙera a lokacin yaƙin. Sannan a kusan kowace unguwar Hausawa akwai tsohon soja ko tsohon falke da ya ga abin da idonsa. Ka zauna da shi, ka nemi izininsa, ka ɗauki muryarsa a waya, ka rubuta sunayen garuruwa da shekaru. Ai da irin wannan su Clunn da Foard suka fara, da tambaya da takarda. Tsofaffin nan kuwa kullum raguwa suke yi.

Abokina dai ya fasa. Kuɗin da ya so zubawa a injin, ɗan maraƙi ya saya da su. Allah ya sa albarka, ya kuma kiyaye mu baki ɗaya.