Hita A Cikin Bokiti: A Cire Ta Kafin A Taɓa Ruwan

Da zarar hunturu ya kankama a watan Disamba, sai hita ta fito daga ƙarƙashin gado a gidajenmu da yawa, musamman a Jos da Kafanchan da Zariya inda sanyin asuba kan sa mutum ya yi shakkar wanka. Muna nufin ƙaramin ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake tsomawa cikin bokiti a jona shi da wuta. Tana da araha, ta kuma fi hura gawayi sauri, shi ya sa ba za mu ce a daina amfani da ita ba. Amma, 'yan'uwa, akwai ɗabi'u biyu da muke gani a gidajen da muke ziyarta waɗanda ya kamata mu bari tun yau.

Ta fari ita ce tsoma yatsa cikin ruwan don a ji ko ya yi zafi, alhali hita tana jone. Kusan dukanmu mun taɓa yin haka, ba abin da ya same mu, sai muka ɗauka ba komai. To, ga yadda abin yake. A cikin ƙarfen akwai siririyar waya mai ɗauke da wuta, an kewaye ta da wani farin gari da ke raba ta da jikin ƙarfen. Idan hita ta tsufa, ko ta taɓa ƙonewa babu ruwa, ƙarfen yakan tsage ba tare da ido ya gani ba, ruwa ya shiga. Daga ranar, ruwan bokitin duka yana ɗauke da wutar gidan, wato bolt 230. Ga mutum tsaye a jiƙaƙƙen siminti, ƙafa ba takalmi. Wutar za ta bi ta hannunsa, ta ratsa ƙirji, ta sauka ƙasa, kuma ɗan kaɗan daga cikinta ya isa ya rikita bugun zuciya. Kashe makunnin soket bai wadatar ba, domin mun sha ganin gidajen da aka juya wayoyin wajen haɗawa. A zare fulogin gaba ɗaya.

Ita kuwa hitar da yara 'yan makaranta ke haɗawa da reza biyu ko cokali da waya, wannan ruwan kansa ne hanyar wutar. Duk wanda ya ga irinta a ɗakin ɗansa ya karɓe ya lalata.

Ɗabi'a ta biyu ta fi ta farin cin dukiya. Mutum ya jona hita, sai aka ɗauke wuta, ya ce bari ya ɗora tukunya a murhu, ya manta da ita. Haka ya faru da wani iyali a unguwarmu wata safiyar Lahadi. Sun kulle gida sun tafi sujada, aka kawo wuta a bayansu, ruwan ya tafasa har ya ƙone, bokitin roba ya narke, labule ya kama. Maƙwabta ne suka fasa ƙofa. Ba a rasa rai ba, amma takardun makarantar yaran uku sun tafi. Saboda haka, in an ɗauke wuta, abin da za a fara yi kafin neman fitila shi ne zare hita.

Ƙaramar hita mai wat 1,500 tana jan wuta fiye da amfiya 6, don haka kada a jona ta a siririyar wayar ƙari, ko a cusa tsirarun wayoyi cikin soket a toshe da tsinken ashana. Masu babbar hita ta bango kuma, kada su kunna ta ranar da famfo ya bushe, kuma kada su toshe ɗan bututun nan da ke ɗigar da ruwa a gefenta. Ta nan ne matsi ke fita. In an toshe shi, tankin na iya fashewa.

Idan wuta ta ja wani, kada a kama shi da hannu, don mai ceto ma zai maƙale. A kashe babban makunnin gidan, ko a ture wayar da busasshen itace, sannan a kai shi asibiti ko da ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau.

Sai kuma ƙuna, wadda yaranmu ƙanana suka fi fama da ita. Fatarsu ba ta kai ta manya kauri ba, ruwa mai zafin digiri 60 kan ƙona ta cikin daƙiƙa kaɗan. Iyaye mata, a riƙa zuba ruwan sanyi a baho tukuna sannan a ƙara na zafi, a gwada da gwiwar hannu. In tsautsayi ya auku, a zuba wa wurin ruwan sanyi mai tsabta har na minti 20, ba ƙanƙara ba. Kada a shafa ƙwai, ko manja, ko gishiri, ko man goge baki, kamar yadda muka taso muka ga ana yi. Ma'aikatan jinya sai sun kankare su kafin su iya duba ciwon, yaron kuwa yana kuka. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a nufi asibiti, musamman in ƙunar ta taɓa fuska, hannu ko al'aura, ko ta fi tafin hannun yaron faɗi.