Tsadar Magani Na Tura Iyalan Masu Cutar Mantuwa Ga Ƙwayar Barci Mai Haɗari

A Maiduguri, dare ne ya fi wahalar da iyalin da ke jinyar dattijo mai cutar mantuwa, wadda ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Majinyacin ba ya barci, ga fargaba, wani lokaci har yakan fice daga gida.

Ɗaya daga cikin magunguna masu araha shi ne diazepam, wato Valium. Sai dai likitoci sun daɗe suna gargaɗin cewa yakan ƙara wa tsoho ruɗewa, ya jawo faɗuwa da karaya.

Zaɓen maganin da ya dace aikin likita ne, kamar na Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke hanyar Baga, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Amma saye sai da kuɗi, kuma galibin magungunan Nijeriya daga waje suke zuwa. Da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, farashi ya yi tashin gwauron zabo. A watan Agusta na shekarar, kamfanin GlaxoSmithKline ya sanar da daina sayar da kayansa kai tsaye a ƙasar.

Wannan cuta ta shekaru ce. Dillalin da ya tanadi magani mai rajistar NAFDAC, yana sayarwa bisa takardar likita, ya sami abokan ciniki na dindindin. Mai sayar da diazepam barkatai kuwa, hukumar NDLEA na iya kama shi.